Kafin ka sayi jitar feda mai araha, kife ta ka duba cikinta

Duk sanda wani kamfani ya fitar da sabon samfurin jitar feda mai araha, sai wani ya turo mini hotonta da tambaya guda: "Malam, ya ka gani, in saya?" Hoton kuwa kullum iri ɗaya ne. An ɗauke ta daga sama, fenti sai ɗaukar ido yake, tsirkiya goma a jere kamar an ja su da rula. Ni ma amsata ba ta canjawa: a turo mini hoton cikinta. Saman jitar feda katako ne da tsirkiya, duk kafintan da ya san hannunsa zai iya yin sa. Kuɗinka a ƙasa yake, inda ƙarafa suke.

Ga wanda bai taɓa ganinta ido da ido ba, jitar feda, wadda masu sana'ar ke kira fedal sitil, ba rungumarta ake yi ba. Kamar ɗan ƙaramin tebur take mai ƙafa huɗu, ka zauna a gabanta kamar tela a gaban kekensa. Hannun hagu yana riƙe da sandar ƙarfe mai santsi yana zamar da ita a kan tsirkiyoyi. Hannun dama yana tsinka da faratai uku da aka sanya wa yatsu. Ƙafar hagu tana taka feda, ƙafar dama tana kan fedar ƙara murya, gwiwoyi biyu kuma suna tura wasu ƙarafa da ake kira libobi, waɗanda ke rataye a ƙarƙashi. Kowace feda da kowace liba tana jan wasu tsirkiyoyi su ƙara tauri ko su saki, sautinsu ya hau ko ya sauka alhali suna cikin amo. Wannan hawa da saukar shi ne kukan nan da ake ji a waƙoƙin kantiri na Amurka, kamar wani na shessheƙa a bayan mawaƙi.

Asalin abin daga Hawai ne, inda ake danganta wa Joseph Kekuku fara kwantar da jita a cinya yana zamar da ƙarfe a kanta, a ƙarshen ƙarni na 19. An daɗe da liƙa wa irin wannan jita fedoji don a sauya saitin tsirkiyoyi tsakanin waƙa da waƙa. A 1953 ne Bud Isaacs ya taka fedar ana tsakiyar amo, a waƙar "Slowly" ta Webb Pierce, kuma daga nan makaɗan Nashville, cibiyar waƙar kantiri, suka bazama neman wanda zai ƙera musu irinta. Makaɗa biyu, Buddy Emmons da Jimmy Day, suka raba aikin fedar Isaacs gida biyu, kowa da nasa jerin, kuma har gobe da sunayensu ake kiran jerin biyun. Emmons ɗin ne ya haɗu da Shot Jackson suka kafa kamfanin ƙera jitar feda na Sho-Bud a 1957. Ban kawo wannan don burga ba, za ka ga amfaninsa idan mun zo kan abin da za ka tambayi mai sayarwa.

Dalilin tsadarta ba ɓoyayye ba ne. Jitar hannu ana ƙera ta dubbai a masana'anta. Jitar feda kuwa ƙananan shaguna ne ke yin ta, wani mutum biyu ne, wani uku, kuma a cikin kowace akwai ɗaruruwan ƙananan ƙarafa da sai an gurza su a inji, an jera su da hannu. Ta ƙwararru sabuwa dubban daloli ce. Saboda haka ake yin ta 'yan koyo, irin su Stage One, da Discovery ta Mullen, da ta ɗalibai ta GFI, da Carter Starter ta da. Duk sabon samfurin da ya fito yana cewa shi mai araha ne, da waɗannan za ka auna shi. Tunda an rage kuɗi, dole an rage wani abu. Aikinka ka gano mene ne aka rage.

Tawa ta farko ta hannu ce, ko suna babu a jikinta, wani ne ya haɗa ta a garejinsa. Feda uku, liba ɗaya. Na saye ta a hoto, cinikin biri a sama. Wata na biyu ina fama da ita, duk sanda na tura libar na saki, tsirkiya ta huɗu ba ta komawa inda ta fito. Ni kuma a zatona kunnena ne bai nuna ba. Na kai wa dattijon da ke koya mini, ko kaɗa ta bai yi ba. Ya kife ta a kan bargo, ya sa ɗan yatsa ya girgiza wani ƙarfe da ke ratsa cikinta, ƙarfen ya yi ƙwas-ƙwas a raminsa. Ya ce, "Ɗana, ba kunnenka ba ne. Wannan ko Emmons aka ba sai ya yi tsami." Abin da na koya daga ranar zuwa yau shi zan zayyana maka.

Fara da ƙirga

Tsirkiya goma, wuya ɗaya, wato jerin tsirkiya ɗaya, saitin da ake kira E9. Wannan shi ne abin da kusan duk littattafai da darussan koyo suka ginu a kai. In ka ga mai tsirkiya shida ko takwas da feda biyu, tana iya yin daɗi, amma za ka buɗe darasi ka ga ana maganar tsirkiyar da ba ka da ita. Ta ƙwararru mai wuya biyu, ɗaya E9 ɗaya C6, ba ruwanka da ita yanzu. Nauyinta kaɗai ya isa ya sa ka daina fita da ita, kuma wuyan E9 shi kaɗai zai ci maka shekaru.

Sai feda uku da liba huɗu. Uku da huɗu, haka ake faɗa. Ga aikinsu, ka riƙe lambobin domin da su za ka yi ciniki. Tsirkiyoyin daga ta ɗaya, wadda ta fi nisa da cikinka, zuwa ta goma, da haruffan da ake kiran sautinsu, su ne F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Fedar A tana ɗaga ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#. Fedar B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Fedar C tana ɗaga ta 4 daga E zuwa F#, tare da ta 5 zuwa C#. Cikin libobi huɗun, biyu ne ba a sasantawa a kansu: wadda ke ɗaga ta 4 da ta 8 daga E zuwa F, da wadda ke sauke su zuwa D#. Sauran biyun, masu taɓa ta 2 da ta 9, da ta 1 da ta 6, kamfanoni kan bambanta a kansu kuma ɗan koyo zai iya shekara bai matsu da su ba. Amma jitar da ba ta da libobin E guda biyun nan, komai ƙanƙantar kuɗinta, bar musu kayansu. Wata uku za ka yi ka ci karo da bango.

Jadawalin da ke nuna wace feda ke jan wace tsirkiya shi ake kira kofedan, kalmar da Tom Bradshaw ya ƙirƙira. Kamfanin kirki yakan buga shi a fili. In sanarwar sabon samfuri ta cika da hotuna da yabo amma babu kofedan, ba girin-girin ba, ta yi mai: rubuta musu ka nema. Ka kuma tambaya jerin Emmons ne ko na Day. A na Emmons fedoji daga hagu A, B, C suke, a na Day kuma C, B, A. Babu wanda ya fi wani, amma yawancin darussa da na Emmons ake yin su, don haka shi nake ba ɗan koyo shawara.

Tambaya ta gaba: ana iya sauya kofedan ɗin, ko a kulle yake? Da yawa daga masu araha an kulle su, ba ka da damar matsar da liba daga wannan gwiwa zuwa waccan ko ƙara ta biyar. Mutane kan tada jijiyar wuya a kan wannan, ni kuwa bai dame ni ba. Wanda bai iya taka A da B tare ba, me zai yi da damar sake jerin ƙarafa? In ma an ba shi damar, sai ya kwance kayan ya kasa mayarwa. Idan nan aka rage kuɗin, an rage a wurin da ya dace. Haka fenti, da akwati mara ado, da rashin matashin dafa hannu. Duk waɗannan a yafe.

Inda ba a yafewa

A ƙarshen jitar na hannun dama akwai injin canji, jerin 'yan yatsun ƙarfe goma, kowace tsirkiya a maƙale da nata. Ka taka feda, doguwar sanda ta ja wani ƙarfe mai ratsa jitar ya juya, shi kuma ya ja siririyar sanda, ita ta ja ɗan yatsan, tsirkiya ta ƙara tauri. Ka saki, komai ya koma. Duk sirrin jitar feda a komawar nan yake. Ba kusa da wurin ake so ta koma ba, wurin kansa ake so, sau dubu a dare ɗaya.

Ga gwajin, kuma minti biyar ya isa. Ka jona na'urar saiti mai nuna santi. Santi ɗaya kashi ɗaya ne cikin ɗari na rabin taki, wato tazarar sauti kamar ta E zuwa F. Saita tsirkiya ta 4 daidai kan E. Taka fedar C ka saki, ka sake tsinka, ka duba allura. Yanzu tura libar da ke sauke ta, ka saki, ka sake dubawa. Ta huɗu na zaɓa domin ita ake ja sama kuma a sauke ƙasa, ita ce ke fara tona asirin inji. Sau da yawa bayan saukewa takan dawo sama da wurinta kaɗan, saboda gogayya a 'yan tayoyin da tsirkiya ke bi ta kansu a can wajen makullan saiti. Santi ɗaya ko biyu, wannan halin jitar feda ne. In kuwa allura tana zuwa wuri dabam kowane karo, yau sama gobe ƙasa, to akwai abin da ke cijewa ko ke lilo a ciki, kuma ba saiti ne zai gyara shi ba. Maimaita sau goma. Yi wa ta 5 haka da fedar A, da ta 3 da fedar B.

Gwaji na biyu: tsinka ta 4 ko ta 8, kada ka taɓa abin da ke jansu, sai ka taka A da B tare kana kallon allura. Za ka ga ta ɗan sauka. Jikin jitar ne ke ɗan lanƙwasawa saboda ƙarin ja. Kowace jita tana yi, har masu tsadar. Abin dubawa shi ne yawansa. In sai da na'ura kake gani, babu laifi. In kunnen ɗan koyo ma yana jin sautin ya faɗi, jikin ya yi laushi da yawa.

Sai ka kife ta. Kama kowane ƙarfe mai ratsawa ka girgiza, kamar yadda dattijon nan ya yi. Ya juya sumul amma kada ya yi lilo. Dubi inda feda da liba ke tsayawa idan sun kai ƙarshe: ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, tsayawa ɗaya tak, ko kuwa abin yana ci gaba da lotsawa in ka ƙara ƙarfi? Libar da ke lotsawa tana nufin sautinka ya dogara da yawan ƙarfin gwiwarka a wannan daƙiƙar, kuma gwiwa ba ta da ma'auni. Na taɓa ganin liba da tsayawarta kan wani ɗan sukuru ne da aka ɗaura cikin katako, bayan 'yan watanni katakon ya cinye, sukurun ya kwanta.

Mai araha yawanci ba ta da nauyi, abin farin ciki ranar ɗauka, abin haushi ranar kiɗa. Zauna ka tura liba da gwiwa da ɗan ƙarfi. In jitar ta biyo gwiwarka tana tafiya, duba ƙafafun: sun ɗauru tam a ramukansu? Na baya ana iya ƙara musu tsawo? Wannan na da muhimmanci ga dogon mutum. In cinyarka ba ta shiga ƙarƙashi alhali ƙafarka na kan fedar murya, sai an ƙara tsawon ƙafafu da na sandunan feda gaba ɗaya, don haka ka faɗa wa kamfani tsawonka tun kafin su aiko.

To idan ba ka da damar taɓa ta fa, tunda sabuwa ce kuma daga nesa za a aiko? Nemi bidiyon da aka yi gwajin komawar nan da na'urar saiti a gaban kyamara, ba bidiyon da gwani ke kaɗa waƙa mai daɗi ba. Gwani yana gyara tsami da sandar hannunsa ba tare da ya sani ba ma. Tambayi wane irin injin canji ne: mai ja zalla, ko mai ja-da-saki. Na biyun ya fi sauƙin ƙira, shi ya sa ake yawan samunsa a masu araha, kuma in an yi shi da kyau yana riƙe saiti tsaf, sai dai hanyar saita shi ta bambanta. Tambayi ko suna sayar da kayan gyara ɗai-ɗai, sanda ko sifirin ko notin roba. Kuma in da hali kada ka shiga rukunin farko na masu saye. Bari jitar ta yi wata shida a hannun mutane, a ji abin da ya fara kwancewa. Ƙananan shagunan nan sukan karɓi kafin alƙalami su sa ka a layi na watanni, saboda haka ka san sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce.

Sauran kayan da ba a sa a hoto

Kuɗin jita ba shi ne kuɗin farawa ba. Kana buƙatar sandar ƙarfe mai zagayayyen kai, kaurin 7/8 na inci shi ne gama-gari ga tsirkiya goma. Farcen roba na babban yatsa, da na ƙarfe biyu na manuniya da na tsakiya, waɗanda za ka lanƙwasa da filaya har su zauna wa yatsunka. Fedar murya, ta jitar feda ba ta jitar hannu ba, domin ta hannun takan yi tudu ta hana gwiwarka shiga. Wayoyi biyu. Amfilifaya mai fitar da sauti garau ba ya kwarzaɓa, kamfanin Peavey ya yi samfurin Nashville saboda wannan jitar, amma a ɗaki duk mai tsabtar sauti da ɗan amsa-kuwwa zai yi. Sai kujera marar hannu wadda ba ta juyawa, mai tsawon da cinyarka za ta kwanta daidai. Kujera ɗaya kullum, takalmi ɗaya kullum, mai laushi da siririn ƙasa. Ka sauya takalmi, ƙafarka ta manta inda B take.

Harhaɗawa

A kife take zuwa cikin akwati, kuma a kifen za ka haɗa ta, kada ka ciro ta tukuna. Ɗaura ƙafafu huɗu, na gaba su ne masu wurin kama allon fedoji. Ɗora allon a ƙafafun gaba, fedoji suna kallon wajen da za ka zauna. Sandunan feda suna da lamba, 1, 2, 3, kada ka gauraya su domin kowace an auna mata tsawonta. Maƙala ƙugiyar kowace a cikin jitar tukuna, sannan ka danna ɗaya bakin a kan ɗan ƙwallon da ke jikin fedar. Miƙe libobi. Yanzu kama ƙafar gaba ɗaya da ta baya ɗaya, ɗaga, ka juyo ta ta tsaya. Karon farko sa wani ya kama maka, ni na taɓa bugun makullin saiti da bakin akwati garin nuna ƙarfi.

Zauna cibiyarka tana fuskantar wajen layi na 15 cikin layukan da aka zana ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ɗora ƙafar hagu a kan A da B, diddige a ƙasa. Ba ɗaga ƙafa ake yi daga feda zuwa feda ba, idon sawu ne ke karkata hagu da dama. Gwada: taka A kaɗai ba tare da B ta motsa ba, sannan B kaɗai, sannan duka biyu, sannan ka saki A kana riƙe da B. In ɗaya tana shiga hanyar ɗaya, cire sandarta ka murɗa bakin ya ƙara tsawo ko ya rage. Yawancinmu A kan ɗan fi B tudu. Ka ba wannan awa guda cur, domin duk abin da za ka koya daga baya a kan wannan karkatawar zai zauna.

Saiti

A injin ja zalla, fara da tsirkiyoyi a sake, ba feda ba liba, da makullan hannun hagu. Bayan nan ka taka feda ka saita sautin da ta kai da notin roba da ke leƙowa ta ramin ƙarshen dama, da ɗan sifanan da ya zo da jitar. Taka fedar a hankali kana leƙawa, za ka ga notin da ya motsa, shi ne naka. Mai ja-da-saki kuwa bi takardar kamfani layi-layi, kada ka yi mata hankalin ɗayar.

Kuskuren da kowa ke yi sau ɗaya: fedar ba ta kai sautin ba, sai ka yi ta ɗaure notin roba, har ya danne ɗan yatsan injin tun ba a taka komai ba. Daga nan in ka saita a sake sai na feda ya gudu, in ka saita na feda sai na sake ya gudu, ka kwana kana zagaye. Magani: kwance notin har ya daina taɓa komai, saita tsirkiyar a sake, sannan ka dawo da notin sannu-sannu. Dole a sami ɗan sarari kafin feda ta fara ja.

Akwai kuma abin da zai ba ka mamaki. In ka saita kowace tsirkiya allura a tsakiya cif, ka tsinka ta 4, ta 5 da ta 6 tare, za ka ji wani ɗan rawa-rawa a cikin sautin. Ba jitar ce ta lalace ba. Kunne ya fi son G# ta zauna ƙasa da inda na'ura ke cewa, da kusan santi 14 in ana son haɗin ya kwanta lau, kuma da yake sautin wannan jitar yana daɗewa, bambancin a fili yake. Saboda haka masu kaɗa ta da yawa sukan sauke G# ɗin biyu, da C# na fedar A, su kuma sauke F na liba fiye da haka. Wasu kuma suna tsayawa kusa da na'ura don su daidaita da fiyano. An shekara da shekaru ana wannan gardamar. Ni tsaka-tsaki nake bi: in saita E da na'ura, in sauke G# har rawar ta lafa ba ta mutu gaba ɗaya ba. Na'urorin saiti na kamfanin Peterson suna zuwa da saitin jitar feda a cikinsu, ɗan koyo na iya farawa da shi kafin kunnensa ya yi ƙwari.

Makon farko

Layukan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi zane ne kawai, ba a danna tsirkiya ta taɓa su. Sandar ƙarfe tana zama a kan layin daidai, ba bayansa ba kamar jitar hannu, kuma a miƙe, kada ta karkace. Manuniya a samanta, babban yatsa da na tsakiya a gefe, sauran yatsu biyu suna kwance kan tsirkiyoyi a bayanta don kashe ƙarar banza. Kada ka danna da ƙarfi, in ka danna sauti zai hau.

Tsirkiyoyi ba a sharɓarsu gaba ɗaya, uku-uku ake ɗauka: 3-4-5, 4-5-6, 5-6-8, 6-8-10. Lura an tsallake ta 7 da ta 9, kuma ta 1 da ta 2 ba sa bin jerin hawa, ta 1 tana ƙasa da ta 3 a sauti. Rabu da su tukuna. Sa sanda a layi na 3, ɗauki 4-5-6, ba feda: haɗin sautin da ake kira G ke nan. Kada ka motsa sandar, taka A da B tare: ka koma C. Zame zuwa layi na 5 kana riƙe da fedojin: D. Saki ka dawo na 3. Da wannan kaɗai ka iya raka waƙoƙi masu yawan gaske. A layi na 3 ɗin, fedar A ita kaɗai tana ba ka haɗin E ƙarami, wato E maina, fedar B da libar sauke E suna ba ka haɗin D7. G ɗin nan kuma yana nan a layi na 6 da fedar A da libar ɗaga E, yana kuma layi na 10 da A da B. Tafiya tsakanin 3, 6 da 10 ba tare da sake tsinkawa ba, wannan ne sautin da ya sa ka sayi jitar. Ka ga inda libobin nan biyu suka shigo tun makon farko.

Abin da zai ba ka wuya ba feda ba ce, kashe sauti ne. Tsirkiyar da ka tsinka ba ta yin shiru da kanta, sai ta bi ta gaba su cakuɗe. Wasu da gefen tafin hannun dama suke kashewa, wasu da faratan kansu, kamar makaɗi Paul Franklin. Zaɓi ɗaya ka yi ta yi a hankali, tsinka, kashe, tsinka, kashe, minti goma kullum, ko da mutanen gida za su gaji da kai. Fedar murya kuma bar ta wajen rabi, ka ƙara kaɗan-kaɗan yayin da sauti ke mutuwa. Ɗan koyo yakan rufe ta kafin ya tsinka don ɓoye kuskure, sai kiɗan ya riƙa fitowa kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa. Makon farko ma cire ta gaba ɗaya.

Mai kaɗan ne ake sa wa injin, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan 'yan tayoyi da gaɓoɓin da ke juyawa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Kada ka fesa masa feshin kwance tsatsa, yana bushewa ya bar danƙo ya kama ƙura.

Tsirkiya ta 3 za ta tsinke, ka sa wannan a ranka. Kaurinta .011 na inci ne, an ja ta har G#, kuma duk sanda ka taka B ana ƙara jan ta zuwa A, tana lanƙwasa a kan ɗan yatsan injin har ta gaji. Sayi dozin ɗinta daban. In za ka ɗaura sabuwa, ba ta zagaye biyar ko shida a kan makulli, ka hau da ita sannu: kai ta F#, ka dakata, ka taka B sau da yawa, sannan ka ƙarasa zuwa G#, fuskarka a kauce. In ta tsinke, nemi ɗan zoben da ke gindinta kafin ka yi komai. Yakan faɗa cikin injin canji ya maƙale tsakanin yatsu. Nawa na taɓa kwana biyu ina zargin sifirin, ashe zoben ne kwance a bayan ɗan yatsa na huɗu, sai da tocila da hantsaki na zaro shi.